Wai fim mara waƙa shi ne wayewa? To ga waɗanda za ku kalla

Ranar Asabar na leƙa shagon yaron da ke tura min fina-finai a waya, nan gefen Kasuwar Barci, ina tsaye ina jiran layi sai wani bawan Allah da ya sha shadda ya miƙa memori ya ce, "Ƙanina zuba min masu ma'ana, banda masu waƙe-waƙen nan na shirme." Yaron ko ɗago kai bai yi ba ya ce ai Alhaji yanzu an waye, an daina wannan. Suka yi dariyarsu, ni kuwa maganar ta tsaya min a rai har na koma gida.

Wannan "an waye" ɗin ce ta ishe ni wallahi. Kowa ya gani, tun da fina-finai masu dogon zango suka ƙwace kasuwa a YouTube da Arewa24 rawa da waƙa suka ja baya, shi kenan sai wasu suka maida abin kamar yaƙi aka ci, kullum a Facebook ana ta taya juna murna wai masana'antar fim ɗin Hausa ta girma ta bar wasan yara. To me aka saka a gurbin waƙar? Zaman falo. Hajiya a kujera, kishiya a ɗaya kujerar, a yi minti ashirin ana maimaita faɗan da aka yi satin da ya wuce, sai a katse a saka tallan maganin gargajiya. In wannan ce wayewar a kai kasuwa.

Na yarda waƙoƙin da can suna da matsala. Tun wajen 1999 da fim ɗin Sangaya ya yi tashe furodusoshi suka gane waƙa ke sayar da kaset, sai aka koma liƙa ta ko ta dace ko ba ta dace ba, saurayi ya ga budurwa a bakin famfo kafin ka ƙifta ido sun canza kaya kala biyar suna zagaye bishiya. Amma wannan ai ragwancin mai rubuta labari ne. An bar jaki ana dukan taiki. Hanyar da waƙa ke shiga fim salin alin ba sai an cusa ta ba a fili take, a yi fim ɗin a kan mawaƙan kansu. Mutum sana'arsa kiɗa, in ya ɗauki ganga a fim ai aikinsa yake yi, babu mai cewa daga ina ganga ta fito.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane haka, kuma mafi daɗi a cikin irin waɗannan fina-finan na barkwanci ne. Fara da This Is Spinal Tap na 1984. Rob Reiner ne ya shirya shi kamar rahoton gaske, shi da kansa ya fito a mai ɗaukar rahoton yana bin wata ƙungiyar makaɗa ta Ingila da ba ta taɓa wanzuwa ba, tauraruwarsu ta dushe amma su ba su sani ba, suna yawon wasa a Amurka ana ta soke musu taro. Akwai wurin da mai jita yake nuna na'urar ƙara sautinsa cike da alfahari, ta kowa lambarta a 10 take tsayawa tasa har 11, aka tambaye shi me zai hana a bar ta a 10 kawai a ƙara mata ƙarfi, ya yi shiru ya kasa gane tambayar. Sannan suka sa a ƙera musu wani katon dutse na ado a dandamali, wanda ya zana shi a takarda ya rubuta inci a maimakon ƙafa, ranar wasa aka sauko da abu ɗan mitsitsi mai inci 18 a gaban jama'a. Masu buga musu ganga kuwa mutuwa suke ta yi ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya fashe ana tsakiyar wasa. Duk wanda ya taɓa zama da mawaƙin da aka daina yayinsa amma har yanzu yana yawo da yara huɗu masu riƙe masa waya, zai gane mutanen nan sarai.

Wanda ya fi kwanta min a rai shi ne The Commitments na Alan Parker, 1991. Samarin unguwar talakawa ne a Dablin ta ƙasar Ailan, babu aiki, wani mai kaifin baki a cikinsu ya saka talla a jarida yana neman makaɗa, kowane irin tarkace ya zo ƙofar gidan ubansa gwaji. Suka haɗu da ƙyar, suka fara iyawa, sai mawaƙin da Allah ya ba murya ya fara jin ya fi kowa, ga wani dattijo mai busa ƙaho da ke ta ba su labarin manyan da ya yi wasa da su, babu wanda ya san gaskiya ne ko ƙarya. Dattijon ya yi musu alkawarin shahararren mawaƙin Amurka Wilson Pickett zai zo ya yi waƙa da su. Daren da suka yi wasan da ya fi kowanne kyau, a daren suka dambace a bayan fage suka watse, motar baƙon kuma ta iso bayan kowa ya kama gabansa. Dan Allah a cire Dablin a saka Rigasa ko Tudun Wada, me ya canza?

Sai dai in faɗa muku gaskiya, waɗannan biyun bakinsu babu linzami, ba na kallo da yara ba ne. Na zaman iyali shi ne School of Rock na 2003, jarumin fim ɗin Jack Black an kore shi daga ƙungiyar makaɗa ya je ya yi sojan gona a matsayin malamin makaranta ya maida 'yan aji makaɗa, kuma yaran da gaske su ke kaɗa kayan. The Blues Brothers na 1980 kuma wa da ƙani ne ke bi gida gida suna tattaro tsofaffin abokan kiɗansu don su tara dala 5,000 na harajin gidan marayun da ya raine su, a ciki za ka ga manyan mawaƙan Amurka irin su Ray Charles da Aretha Franklin da James Brown. Masu son na Indiya, ku bar Disco Dancer na 1982 ya huta haka nan, iyayenmu sun gama da shi a silima. Ku nemi Secret Superstar na 2017, yarinya Musulma da ke saka niƙabi ta ɗora waƙarta a YouTube don kada babanta ya gane ta, ko Gully Boy na 2019 a kan ɗan unguwar Dharavi ta Mumbai mai waƙar gambara. Su biyun ba barkwanci ba ne zalla, amma babu waƙa ɗaya a cikinsu da za ka tura gaba ba ka yi asarar labari ba.

Masu cewa fim ɗin waje na ɓata tarbiyya, su ne dai ke kwana a kan fassarar Algaita, don haka mu wuce.

Abin da ke ƙona min rai shi ne mun fi su labaran mawaƙa da za a yi fim a kai. Kwanaki na je biki a Unguwar Rimi, ana tsakiyar liƙi janareta ya ɗauke, sai ga mawaƙi yana ta motsa baki babu abin da ke fita, ashe tun ɗazu mamin yake yi. Bayan an tashi na zagaya baya ɗaukar mashin ɗina na tarar da su a tsugune sun zazzage kuɗin liƙi a kan tabarma, mai fiyano yana rantsuwa da idonsa ya ga 'yan dubu-dubu sun fi haka yawa, aka juya kan yaron da ke tsintar kuɗi aka ce ya cire safa. Ya cire, ga su nan a nannaɗe. Oga ya ce "Kai ɗan nan, ni za ka yi wa haka?" yaron ya ce "Yallabai ai ajiya na yi maka." Na yi dariya har da riƙe ciki, kuma babu marubucin da ya zauna ya ƙirƙiro wannan, kyauta yake faruwa duk ƙarshen mako a garin nan.

Je ka baya ma. Mamman Shata ya rasu tun 1999, ka yi tunanin motarsa a hanya da masu kalangu da 'yan amshi, shekara da shekaru gari ya gari, wane irin labari ne babu a cikinta. Barmani Choge da matan da ke mata kiɗan ƙwarya, ta rasu 2013 ban ga wanda ya yi fim a kan irin wannan rayuwar ba. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa shi kaɗai ya maida karen mota abin waƙa. Marigayi Ibro ya nuna mana tuntuni cewa Bahaushe zai biya kuɗi ya ga an kwaikwayi mawaƙi an ba shi dariya, ya rasu 2014 aka bar hanyar ta yi ciyawa. Na san akwai masu kiran a yi fim ɗin tarihin Shata, amma na san abin da za a kawo mana, awa uku ana yabon mamaci kamar zaman makoki, kowa na tsoron kada iyali su yi fushi.

A ƙirƙiri ƙungiya kawai wadda ba ta kowa ba. Mutum biyar, tsohuwar bas ɗaya, ɗakin situdiyo da ake bin su bashin haya, ɗan siyasa da ya sa aka yi masa waƙa ya faɗi zaɓe ya kashe waya. Kuɗin da ake kashewa hayar katon falo a fim ɗaya ya isa. Furodusoshin Kaduna kuna ina ne wai, ko sai Kano ta fara ku biyo baya kamar kullum?

Na koma wurin yaron nan jiya da sunayen a rubuce a takarda. Ya duba kwamfutarsa sama da ƙasa, Disco Dancer kaɗai ya samu, ya ce sauran in na sayi data zai sauko min da su zuwa Juma'a.