Kafin A Kira Baban Bola

Akwai aikin da muke yi da gaggawa a gidajenmu bayan an yi rasuwa, ni kuwa ba ya yi mini daɗi ko kaɗan: share ɗakin mamaci. Ana gama addu'ar bakwai sai samari su naɗe hannun riga, a fito da adaka da buhuna, a kira baban bola ya ɗora ƙarafa a sikeli. Takardu kuma, da yake akwai rubutun ajami a jiki, sai a ce a ƙona kada a tattaka. Niyyar mai kyau ce, ban musa ba. Amma a cikin wannan toka wasiƙun kakanni suke tafiya, da rasit ɗin haraji da jangali, da takardar gona wadda za a zo ana nema ranar da rigima ta tashi. Anini mai huda da sulallan da aka daina kashewa tun da naira ta shigo a 1973, yara ke kwashewa su yi wasa da su a bakin kwata.

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu ya san abin da nake nufi. Ginin fadar sarki ce ta da, tun zamanin Yakubu Nabame, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Me ke ciki? Masu, takubba, kwari da baka, tambura, layu, kayan kamun kifi. A idon mai sayen ƙarfe, rabinsu tsatsa ce da ba ta kai kuɗin buhun gero ba. Wani ne ya ce a bar su, ya kuma riƙe labarin kowanne, shi ya sa yau ake kawo ɗalibai a mota su gani.

Wannan riƙe labarin shi ne alamar mai adana na gaskiya, ko da kayansa sun kai rufin ɗaki. Ku tuna jeren iyayenmu mata: kwalla kan kwalla, langa, samira, tasa, an goge suna ƙyalli. Tambayi tsohuwa, za ta ce maka wannan na garata ne, wancan Hajiya ta kawo mini daga Makka, wancan saiti na ajiye wa auta. Ba ta laluben komai. Kuma jeren nan dukiya ce. In gari ya yi zafi a cire saiti ɗaya a kai wa dillaliya, in aure ya taso a rage wa 'ya. Mai irin wannan tari yana bayarwa, yana sayarwa, yana musaya, kuma yana jin daɗin a zo a gani.

Wadda aka fi zalunta da baki ita ce matar da ke zaune ciki da falo da 'ya'ya shida a gidan haya a Birnin Kebbi. Jarkoki a bayan ƙofa, ledoji a cushe a jikin taga, gwangwanin madara, robar fenti, katifa a jingine. Baƙuwa ta shigo ta fita ta ce ƙazama ce. To ina za ta kai su? Gwangwanin nan shi ne ma'aunin shinkafarta, robar fentin ita ce bokitin wanka, jarkokin kuma ranar da famfo ya ɗauke za ka san amfaninsu. Ka ce mata, Maman Abba, a ba ni jarka ɗaya, za ta miƙo maka biyu ta ce Allah ya rage mata kaya. Wuri ne ya yi mata kaɗan, ga aiki ya yi yawa. A ba ta kanta biyu da sito, magana ta ƙare.

'Yan kasuwar da ke kulle hatsi a sito tun kaka har sai mudu ya yi tsada, wannan haɗama ce, kuma hadisi ya riga ya kira mai yin haka mai laifi. Ba da su nake ba yau.

Da wanda nake shi ne dattijon da ɗakinsa ya cika har babu wurin shimfiɗa tabarmar salla. Rediyo biyar, babu mai magana. Takalmi wari guda, batir ɗin da ya mutu, kwalaben magani, jaridun da ruwa ya jiƙa. Bai san abin da ke ƙasan tulin ba, ba ya barin kowa ya leƙa, yana kwana a zaure don gadon ma kaya ne a kai. Ɗansa ya ɗauki leda ɗaya ya ce, Baba, wannan ai ta gama aiki, sai ka ga jikin tsohon yana rawa, ya ce ajiye, wata rana za ta yi amfani. Mu kuma sai mu ce rowa ce, ko tsufa, wasu ma su ce iska ce. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sa wannan hali a jerin cututtuka, a matsayin cuta mai zaman kanta, tun 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a kundinta da ya fara aiki a 2022. Abin da suke dubawa shi ne tsananin damuwar da mutum ke shiga in zai rabu da abu ko da ba shi da daraja, da kuma yadda kayan suka hana ɗaki yin aikinsa na ɗaki. Yakan fara tun da ƙuruciya, ya yi ta ƙaruwa da shekaru, wani lokaci rashi ko karayar arziki su ƙara hura shi.

Haɗarinsa kuma ba na wasa ba ne. Tulin nan gidan ɓera ne, ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Da hunturu a shigo da kaskon garwashi cikin ɗakin da takarda da leda suka cika, sai dai Allah ya kiyaye.

Dabarar da muka saba ita ce a jira Baba ya tafi masallacin Juma'a a kwashe komai. Ba ta aiki. Ya dawo ya tarar da ɗaki fayau, ya yi kwanaki ba ya magana da kowa, kafin damina ta zagayo ɗakin ya sake cika, wannan karon da kwaɗo a ƙofa. Abin da ya fi shi ne a zauna da shi, a nemi yardarsa, a fara da hanyar fita da gefen gado da inda ake ajiye wuta, shi da kansa yana zaɓar abin da zai tafi, ko leda goma ce a rana. In abin ya fi ƙarfin gida, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato. Adakar takardu kuwa, ta mai rai ce ko ta mamaci, a samu malamin da ke karanta ajami ya duba tukuna, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, sannan a yanke shawarar wadda za a ƙona.