Ya ci Sibik da A1, amma bai san kansilansa ba

Jama'a, a 2014 WAEC ta fara yi wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare jarrabawar Sibik, darasin sanin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa, kuma aka sa ta dole kamar Turanci da Lissafi. Waɗanda suka fara zama wannan jarrabawa yanzu sun doshi talatin, wasu har da iyali. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum miliyan 93 da ke rajistar INEC, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne suka jefa ƙuri'a, kuma tun 1999 ba a taɓa samun ƙarancin fita irin wannan ba. Ba darasin nake ɗora wa laifin duka ba, akwai tsoro, akwai wahalar takardar kuɗi ta lokacin, akwai waɗanda suka fid da rai. Sai dai in an yi shekara goma ana shan magani, ai ya kamata a duba ko jiki ya yi sauƙi.

Ina tare da masu cewa kada yaro ya gama sakandare sai ya ci wannan darasi. Rigimata da yadda ake cin sa ce. Kowane ɗalibi ya san Sibik ce kiredit mafi araha: ka haddace ma'anar dimokuraɗiyya, ka jero siffofin ɗan ƙasa nagari guda biyar, ka ƙara da illolin shaye-shaye da ƙungiyar asiri, shi ke nan an wuce wurin.

To ku gwada ƙannenku masu A1. Ku tambaye su: in 'yan sanda suka kama mutum, kwana nawa doka ta yarda a tsare shi ba a kai shi kotu ba? Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kwana ɗaya, in akwai kotu cikin kilomita 40, in babu kuma kwana biyu. Wannan layi ɗaya ya fi wa ɗan a-daidaita-sahu amfani a kan shafi goma na hadda, kuma mutum nawa ne suka kwana bakwai a caji ofis, iyayensu na sayar da akuya don biyan belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne? Ku tambaye su yadda ake yi wa sanata kiranye. Sashe na 69 ne, sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu kafin INEC ta motsa. Ku tambaye su ko sun san dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa wa duk wanda ya nemi bayani a rubuce.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ƙaramar hukuma. Guda 774 gare mu, Kano kaɗai 44, kuma ita ce gwamnatin da ta fi kusa da rijiyar burtsatse da asibitin sha-ka-tafi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye. Wa zai bi sawun wannan kuɗi? Yaron da ya san ciyaman ne kawai a matsayin mai rabon taliya da atamfa?

Amurka ma sun bi wannan hanya. Jihar Arizona ce ta fara, a 2015, ta ce sai ɗalibi ya ci 60 cikin tambayoyi 100 na jarrabawar da a lokacin ake yi wa baƙi masu neman zama 'yan ƙasa. Tambayoyin kuwa a buɗe suke, da amsoshinsu. Hadda ce dai ta sa kwat.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a son faɗa. Lokacin da su Malam Aminu Kano suka shiga ƙauyuka da jam'iyyar NEPU bayan 1950, da Hausa suka faɗa wa talaka abin da dagaci ke da ikon karɓa a hannunsa da abin da ba shi da shi, kuma ya zauna musu har suka koya wa jikoki. Mu kuwa mun kulle haƙƙin mutum cikin Turancin da shi kansa malamin wani sa'in lalube yake yi, don a makarantu da yawa duk wanda ba shi da aji a wannan awa shi ake turawa. Balle a makarantar da ɗalibi ba ya zaɓen ko da monita, tambaya kuma ta ja masa bulala.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta haɗe Sibik da Tarihi a babbar sakandare. Ko wane suna aka raɗa masa, ni gwajin nake kallo. Ɗan kimiyya ba ya tsira da takarda kaɗai, sai ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya haɗa sinadari a gaban mai sa ido. A yi wa Sibik haka. Kafin yaro ya fita, ya je ya zauna a kotun majistare ko ta shari'a ya rubuto abin da ya gani, ya nemo abin da aka ware wa mazaɓarsa a kasafin kuɗin jiha ya je ya duba ko an yi aikin, ya rubuta wa sakatariya wasiƙar neman bayani da hannunsa, da Hausa in ya ga dama.

Na san za a ce wasu makarantu sayar da makin za su yi. Za su yi, kamar yadda suke sayar da amsar takarda yanzu. Amma ajin mutum sittin da suka yi cincirindo a ƙofar sakatariya suna tambayar kuɗin kwalbati ba abu ne da ake yi a ɓoye ba, duk gari zai san an je ko ba a je ba.