Daren da na cinye abincin bishiya

Har yanzu ban huce da wani abokinmu na Bristol ba. Shi ya ja ni wani ƙauye a Somerset daren 17 ga Janairu, wai mu je kallon al'adar mutanen Ingila, ya kuma ce akwai abin taɓawa. Ni kuwa tun karin kumallo ban sa komai a bakina ba.

Gonar tuffa ce, sanyi kamar ya tsinke kunne, yara da tsofaffi kowa da tukunya da ludayi. Aka miƙo mini kofi yana tururi. Sai da na tambaya sau uku aka tabbatar mini ruwan tuffa ne zalla, giyar tana can a wata tukunya daban. Kirfa, kanumfari, citta, ka rantse mai shayin bakin tasha ne ya haɗa. Wani dattijo ya ɗaga kofinsa ya ƙwala "Wassail!" Kunnena ya ji "wassalam", na amsa da ƙarfi, wa alaikumus salam. Ashe tsohon Turanci ne na fatan lafiya, amsarsa "drink hail". Wannan dai hayaniya ta rufa mini asiri.

Can sai ga wata yarinya da kambin ganye a ka, ɗauke da farantin gasasshen burodi, ta miƙo mini yanka ɗaya. Na yi bismilla. Ya wuce. Na miƙa hannu na ɗauki na biyu.

Ina tsakiyar tauna na lura kowa riƙe yake da nasa, ba mai kaiwa baki. Tsoma shi suke cikin giyar tuffa su maƙala a reshen babbar bishiyar gonar. Ashe burodin na bishiya ne da tsuntsayenta, don ta yi 'ya'ya da yawa bana. Ga ni tsaye, kumatu cike, busasshen burodi ya ƙi haɗiyuwa, ba halin tofarwa. Kuma kun san gasasshen burodi ba ya tauno a asirce. Ƙurus, ƙurus. Na daina tauna, shirun ya fi muni. Na ci gaba. Yarinyar ta dubi farantin, ta dube ni, ta sake duban farantin. Shi kuwa gogan naku ya juya baya, kafaɗunsa sai rawa suke.

Amma wata tsohuwa mai jar hular ulu ita ta ƙarasa ni. Ta ce ayya, yunwa yake ji, ta zaro biskit daga jaka ta danƙa mini a gaban jama'a kamar almajirin da ya yi sallama. Daga nan ta liƙe mini. Ta yi mini darasi cewa a 1752 Ingila ta canza kalanda aka zubar da kwana 11, su kuwa mutanen ƙauye suka ƙi sakin tsohon lissafi, shi ya sa suke yi ranar 17. Wa ya tambaye ta? Duk wanda muka gifta sai ta gabatar da ni da cewa ga wanda ya ci rabon bishiya. Da aka fara kaɗa tukwane aka harba bindiga sama don korar aljanun gona, na zabura kofin ya suɓuce, ita ce ta fara dariya.

Biskit ɗin dai na ci a mota. Shi kuma har yau yana bi na kuɗin mai.