Ƙwaya ba ta taɓa rubuta wa kowa littafi ba

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin matasanmu masu sha'awar rubutu da waƙa, wai manyan marubutan Turai sai sun yi caji basira take sauko musu. Maganar nan tana ƙona min rai, domin masu yaɗa ta rabin labarin kawai suka ji.

An sha, babu musu. A Ingila ta farkon ƙarni na 19, ruwan ofiyom (wani abin sa maye mai kashe ciwo da ake samu daga tsiro) da aka jiƙa cikin barasa a kanti ake sayar da shi, ba takardar likita. Mai ciwon haƙori ya sha, mai gudawa ya sha, har jarirai ana ɗiga musu don su yi barci. Sai a 1868 aka fara kafa dokar taƙaita sayar da shi. Thomas De Quincey ma, wanda ya fitar da littafin da ya yi wa ofiyom suna a 1821, ciwon haƙori da na fuska ne ya kai shi kemis a Landan a 1804. Waraka ya je nema, ya dawo da ubangida.

Amma wanda aka fi kafa hujja da shi mawaƙin Ingila Samuel Taylor Coleridge ne. Ya ce ya sha maganin, barci ya ɗauke shi, ya yi mafarkin waƙa mai layi 200 zuwa 300. Da ya farka ya fara rubutawa, sai wani baƙo ya yi sallama, kafin ya sallame shi sauran ta bi iska. Layi 54 ya tsira da su, su ne waƙarsa "Kubla Khan". Labari mai daɗin ji. To wa yake ba da ci gabansa? Manyan waƙoƙinsa kusan duk tsakanin 1797 da 1798 ya yi su, tun abin bai gama kama shi ba. Bayan nan sai tsara littattafan da ba ya iya gamawa, aurensa ya lalace, ya ɓata da amininsa mawaƙi Wordsworth. A 1814 a Bristol, mutumin da ake ji da ƙwaƙwalwarsa a duk Ingila ya kai ga ɗaukar ɗan dako yana biyansa don ya tare shi idan ya nufi kemis. Ya rubuta wa abokinsa wasiƙa yana fatan a kulle shi a gidan mahaukata ko ya samu sauƙi. Daga 1816 har mutuwarsa a 1834 a gidan wani likita ya zauna, ana auna masa abin da zai sha. Wallahi duk lokacin da na tuna ɗan dakon nan sai tausayi ya kama ni.

Mawaƙi Baudelaire na Faransa ya gwada wiwi da ofiyom, kuma a littafinsa na 1860 hukuncin da ya yanke shi ne wiwi na kashe himma, alhali da himma ake zama a yi rubutu. Marubucin Amurka Jack Kerouac giya ta kashe shi a 1969 yana ɗan shekara 47. Stephen King, shi ma marubucin Amurka, ya faɗa da bakinsa cewa da ƙyar yake tuna yadda ya rubuta littafinsa Cujo, sai da matarsa ta zazzage masa gwangwanayen giya da ragowar hodar iblis a gaban 'yan uwa sannan ya daina, kuma bai fasa fitar da littattafai ba.

Abin da ya sa na damu, kodin ɗin da gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018 daga tsiron ofiyom ɗin nan yake fitowa. Yaron da ke ɓoye kwalba a aljihu yana jiran baiti ya zo masa, hanyar Coleridge ya hau, kuma shi ba shi da likitan da zai ajiye shi a gidansa shekara 18.