Faifan Clipse da Elektra ta danne: ni dai ban ga a nan aka fi cutarsu ba

Duk lokacin da aka tayar da zancen Clipse, sai ka ji masoyan hip hop na tsine wa kamfanin Elektra, wai shi ya danne faifansu na farko, Exclusive Audio Footage. Jama'a, ni ra'ayina ya ɗan sha bamban, kuma na san wasu za su ce na yi saɓo.

Ga wanda bai san su ba, wa da ƙane ne, Gene Thornton da ake kira Malice da Terrence Thornton, wato Pusha T, wanda a lokacin yake amsa sunan Terrar. A Bronx aka haife su, a Virginia Beach suka tashi, garin su Pharrell Williams da Chad Hugo, masu haɗa kiɗa da ake kira The Neptunes. Pharrell ne ya yi musu hanya suka shiga Elektra, kuma Neptunes ne suka buga kiɗan faifan baki ɗaya. A 1999 aka saki "The Funeral", waƙar da kowannensu yake zayyana yadda jana'izarsa za ta kasance. Waƙar ba ta tashi a rediyo ba. Shi ke nan, kamfani ya jingine faifan, ba da daɗewa ba ya sallame su.

Ban ce an kyauta ba. Yanke wa aikin shekaru hukunci da waƙa ɗaya tak rashin adalci ne. Abin haushin ma, a 1999 ɗin nan Elektra ɗin ta fitar da "Got Your Money" ta Ol' Dirty Bastard, kiɗan Neptunes, ta kuma karɓu sosai. Kenan sun san abin da ke hannunsu, haƙuri ne kawai ba su da shi.

To amma ku saurari faifan da kunnen basira, tunda ya hau manhajojin sauraron waƙa a 2022. Za ku ji yara masu baiwa waɗanda ba su gama samo muryarsu ba. Pusha yana sauri, yana ɗaga murya, kamar mai tsoron za a ƙwace masa makirfo. Wannan sanyin nasa da aka sani daga baya, na mai faɗin magana ɗaya ya yi shiru ta ratsa ka, bai iso ba tukuna. Kiɗan ma cike yake da kayan ado. Sai ku juya ku saka "Grindin'" ta 2002: ganga ce tsurarta, kusan babu komai a kanta, irin wadda 'yan makaranta a Amurka suka riƙa bugawa da hannu a kan tebur. Da wannan duniya ta fara saninsu, kuma faifansu Lord Willin', wanda kamfanin Arista ya fitar, ya shiga jadawalin Billboard a lamba 4. Da faifan 1999 ya fito ya faɗi warwas, anya Arista za ta kalle su a 2001? Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Inda aka gasa musu aya a hannu shi ne kamfanin Jive. A 2004, da aka yi haɗakar Sony da BMG, aka kwashe mawaƙan Arista zuwa Jive, shi kuma kamfanin Star Trak na su Pharrell ya koma Interscope. Kwantiragi ya ɗaure Clipse a inda ba su zaɓa ba, wajen mutanen da hankalinsu ke kan masu waƙar pop. Ga faifansu na gaba, Hell Hath No Fury, suna ta aiki a kai, ana ta ɗage ranar fitarsa. Suka ce a sallame su, aka ƙi, har ta kai su ga maka kamfanin a kotu. Elektra saki ta yi musu, suka gama idda suka samu wani gidan. Jive kuwa ta bar su ba zama ba saki, a daidai shekarun da tauraruwarsu ke haskawa. Sai a Nuwamba 2006 faifan ya fito. Masu sharhi suka yaba masa matuƙa, amma kasuwa ta riga ta huce, a lamba 14 ya tsaya. Abin da ya riƙe sunansu a tsakanin nan shi ne jerin faifan mixtape na We Got It 4 Cheap da suka riƙa saki tare da mawaƙa Ab-Liva da Sandman, ba tare da jiran izinin kowa ba.

(Kafin wani ya shigo min da wa'azi: na sani, yawancin baitocinsu a kan cinikin hodar iblis ne, kuma ba yabon wannan nake ba. Shi kansa Malice ya ja da baya bayan faifansu na 2009, ya rungumi addininsa na Kirista, ya koma No Malice.)

Abin da ya sa na ce Jive ce ta koya musu darasi, ba Elektra ba, shi ne abin da ya faru a 2025. Bayan sun sake haɗuwa sun gama sabon faifansu Let God Sort Em Out, sai Def Jam, kamfanin da suke ƙarƙashinsa, ta ɗaga gira a kan baitin Kendrick Lamar da ke cikin "Chains & Whips", a lokacin da rigimarsa da Drake ta kai har kotu tsakanin Drake da Universal, uwar kamfanin. Aka nemi a taɓa baitin ko a cire waƙar. Wannan karon ba su zauna zaman jira ba. Pusha ya zuba kuɗi masu kauri ya fanshi kansa daga kwantiragin, suka kai faifan Roc Nation ta rarraba. Ya fito ranar 11 ga Yuli da baitin Kendrick yadda ya rera shi, ya kuma shiga Billboard a lamba 4.