Ranar da na kasa nuna hoton badala a Tarudant

Lahadin da ta wuce na bar Agadir, birnin ƙasar Maroko inda nake zaune, na yi tafiyar kusan kilomita 80 zuwa Tarudant, tsohon garin kasuwar Barbar, 'yan asalin yankin, da ke kwarin Sus, tsakanin duwatsun Atlas. Tun daga nesa ganuwa ce ke tarbarka: jar ƙasa, doguwa, da zankwaye a kanta, ta kewaye gari sama da kilomita 7. Keken doki na zagaya ta da baƙi, yara na wucewa ta ƙofofinta a kan kekuna.

Kusa da Bab Targhount, ɗaya daga cikin ƙofofin garin, na tarar da magina suna ɗura ƙasa cikin allunan katako, suna daddaɓe ta, suna toshe wani gefe da ya zube. Abokin tafiyata, ɗan garin ne, ya ce, "Ku ma kuna da irinta a Kano?" Na ɗaga murya na ce tamu ta girmi tasu, tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, alhali yawancin wannan Sa'adiyawa, wata zuriyar sarakunan Maroko, ne suka gina a ƙarni na 16, lokacin da garin ke cibiyar mulkinsu kafin su koma Marakish. Ya ce, "To, nuna mini."

Na yi ta laluben wayata. Hoto ɗaya na samu, na gefen unguwarmu: tudun ƙasa da zaizaya ta cinye, ga bola, ga shago a gindi. Na mayar da wayar aljihu.

Daga nan ya kai ni majema, a wajen ƙofar. Wari iri ɗaya da namu, fatun awaki a shanye, kamar ba fatar ƙasarmu ba ce ta riƙa ketare Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. A kasuwar Barbar kuwa mata na sayar da man argan, ga za'afaran daga garin Taliwin, ana ciniki da yarensu na Tashilhit ba wanda ke jin nauyin harshensa. Dattawa na shan shayin na'ana'a a dandalin Assarag.

Na san za a ce su kuɗin 'yan yawon buɗe ido ne ke riƙe musu gini, kuma ruwan damina bai dukansu kamar mu. Gaskiya ne. Kasuwarsu ma ba ta kama ƙafar Kurmi ba. Amma ba damina ce ta rushe Ƙofar Na'isa a 2010 ba, kuma ba ita ke ɗibar ƙasar badala da daddare ba. Mu ne.

Kakana ya sha ba mu labarin yadda ake gayyar gyaran ganuwa, kowace unguwa da rabonta. A kan badalar nan muke hawa da yamma mu hango Dala, har a kira magariba mu sauko da gudu, ƙafa duk ja. Ɗana an haife shi a nan Maroko, shekararsa biyar. Ya taɓa ganuwar Tarudant da hannunsa, bai taɓa ganin tamu ba, kuma ina tsoron ranar da zan kai shi gida in nuna masa wurin da muke hawa.