Hukumar da ta ba ta makulli ita ce take cewa ta makara

Wallahi abin da ƙaramar hukumar garinmu a nan Ingila ta yi wa ƙanwata ya ƙona mini rai, kuma ba zan haɗiye shi ba.

Hukumar nan ita ta saka ta da 'ya'yanta biyu a gidan wucin gadi, bayan mai gidan da take haya ya sayar da gidansa. Ita ta miƙa mata makulli, ita ta rubuta ranar shiga. Ko kaya ba ta gama kwancewa ba ciwon ciki ya kayar da ita. Aka yi mata tiyata, ɗinkin ya yi ruwa, aka sake kwantar da ita. Ni na kwashi yaran. Kafin ta iya zama ta cike takardar neman Housing Benefit, wato tallafin kuɗin haya, an doshi wata guda. Kuma fa babu wanda ya faɗa mata cewa mai zaman gidan wucin gadi sai ya nemi wannan tallafin daban a wajen ƙaramar hukuma. Ita a zatonta Universal Credit ɗin da take karɓa, wato tallafin gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, ya ɗauke hayar, kamar yadda yake yi a tsohon gidan.

Sai ta rubuta ta roƙi a mayar da lissafin baya zuwa ranar da ta shiga. Ba alfarma ta nema ba, doka ce ta ba ta dama. Da can har wata 6 ake iya komawa, sai gwamnati ta zaftare shi zuwa wata 1 a Afrilun 2016 ga duk wanda bai kai shekarun fansho ba, da sharaɗin ya nuna ƙwaƙƙwaran dalilin da ya hana shi nema tun daga farkon jinkirin har ƙarshensa. 'Yan fansho su wata 3 ne, ba a ma tambayar su dalili. To wannan ɗan watan guda da ya rage wa talaka, shi ma sai an ja masa rai a kansa?

Amsar da ta zo ba ta cika rabin shafi ba. Wai ba ta nuna gamsasshen dalili ba, domin da ta sa wani ya nema a madadinta. Wa za ta sa? Matar da na tarar da robar ƙarin ruwa a hannu, leɓe a bushe, tana tambayata ko ƙaramin ya ci abinci? Yaya za a yi ta aiki mutum neman abin da ba ta san ana nema ba? Ma'aunin da ake bi a irin wannan magana shi ne a duba lafiyar mutum, da bayanin da aka ba shi, da abin da mai hankali irinsa zai yi a wannan hali. Takardar sallamar asibiti tana cikin abin da muka tura. Ko ambatonta ba a yi ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wasiƙa ta biyu. Tambari ɗaya, adireshi ɗaya, amma daga sashen gidaje: ana bin ta bashin haya na daidai makonnin nan da ɗaya sashen ya ƙi biya. Ma'aikatan sashe biyu a hukuma guda ba sa magana da juna, sai marar lafiya ce za ta biya kuɗin rashin maganarsu. Tun ranar ba ta barci sosai, ko ƙarar akwatin wasiƙa ta ji sai gabanta ya faɗi.

Mun je ofishin Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, Allah ya saka wa matar da ta zauna da mu. Ita ta nuna mana cewa wata 1 kacal gare mu na ƙalubalantar hukuncin, daga ranar da ke jikin wasiƙar farko. Mun nemi a ba mu dalilan hukuncin a rubuce, muka nemi su sake dubawa, muka kuma ɗaukaka ƙara ba tare da jiran ganin damarsu ba. Takardar ƙarar ma ta hannun hukumar take bi kafin ta isa kotun musamman mai zaman kanta da ke sauraron shari'un tallafi. Ba a biyan ko kwabo. Mun zaɓi a saurare mu baki da baki maimakon a yanke a kan takarda, mun nemi tafinta, mun haɗa da wasiƙar likita mai ɗauke da ranakun kwanciya da na sallama.

Mun kuma rubuta wa sashen gidaje su dakatar da maganar bashin har kotu ta zauna. Har yau ba su ce uffan ba, amma wasiƙar tunin bashi ta sake zuwa a kan lokacinta.